Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai rahusa: yaushe take riba ga mai saye a Dakoro, yaushe take asara

Malamin makaranta da ke shirya darussa da takardun jarrabawa, ɗalibin da ya samu BAC zai wuce Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, mai shagon buga takardu, sakataren ƙungiyar makiyaya, duka waɗannan suna kai wa matakin da wayar salula ba ta isar su, sai kwamfuta. Sabuwa fil ta samfurin bana ta fi ƙarfin aljihun mafi yawansu, don haka ido ke komawa kan tsohon samfuri da aka karya wa farashi, wanda a kasuwa ake kira «occasion» ko na hannu.

Ga mai aikin yau da kullum, wato rubutu a Word, lissafi a Excel, karanta PDF, aika saƙo da shiga intanet, tsohuwar kwamfuta tana iya zama ciniki mai kyau ƙwarai, har ta fi wata sabuwar da ke cikin kwalinta. Amma akwai iyaka, kuma iyakar tana wajajen shekarar 2018. Abin da aka ƙera daga nan zuwa sama, in yana da lafiya, ya cancanci a duba shi. Abin da ya girmi haka sai da dalili na musamman da farashi mai sauƙi sosai.

Tsufa iri uku ne

Kalmar «tsohuwa» tana rufe abubuwa uku da ba su da daraja ɗaya. Akwai tsohon samfuri da ba a taɓa kunnawa ba, ya kwana a sito shekara biyu ko uku har sabon samfuri ya fito, ɗan kasuwa ya rage kuɗinsa don ya rabu da shi. Akwai wadda aka yi aiki da ita a wani ofis na Turai ko Amurka, sannan wani kamfani ya goge ta, ya gwada ta, ya sauya abin da ya lalace, wadda Faransawa ke kira «reconditionné». Sai ta uku, wadda aka tattaro yadda take, aka share mata ƙura aka ɗora bisa tebur.

A bakin mai sayarwa dukansu «kamar sabuwa» suke. Ta uku ita ce ta fi yawa a kasuwanninmu, kuma ita ce ta fi bukatar ido.

Dalilin yawansu shi ne manyan kamfanoni da bankuna na ƙasashen waje kan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku zuwa biyar, ko da ba abin da ya same su. Dillalai su saye su da yawa, wasu su bi ta Sharja da Dubai, inda ake da babbar kasuwar irin wannan kaya, wasu su sauka Legas su isa kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga can zuwa Kano da Katsina, su shigo Maradi ta Jibiya da Ɗan Isa. Wasu kuma ƴan uwa mazauna Faransa ko Beljiyam ke aiko da su. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da a da ke bi ta Kwatano sun koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada, kuma mai saye na ƙarshe shi ke biyan bambancin. Kafin kwamfuta ta iso Dakoro, mai nisan fiye da kilomita 100 arewa da Maradi, ta ratsa hannu da dama, kowane hannu ya ɗora ribarsa, kuma ba lalle ne na ƙarshen ya san tarihinta ba.

Lambar da ke faɗin shekarunta

A kasuwar dabbobi ta Dakoro ba mai sayen sa ko raƙumi bisa maganar dillali kawai, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Haƙoran kwamfuta su ne lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin.

Mai sayarwa zai ce «Core i5 ce» ko «Core i7 ce», ya tsaya nan. Wannan suna ne na aji, kamfanin Intel ya daɗe yana amfani da shi fiye da shekara goma sha biyar, don haka ba ya nuna shekaru. Abin da ke nunawa shi ne lambar da ke biye. A i5-6300U, lambar farko 6 ce, wato zubi na 6, wanda ya fara fita a 2015. A i5-7200U zubi na 7 ne, na 2016. A i5-8250U ko i5-8350U zubi na 8 ne, wanda kwamfutocinsa suka cika kasuwa a 2018. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U na 10 ne, na 2019, i5-1135G7 kuma na 11 ne, na 2020.

Zubi na 8 yana da muhimmanci saboda dalili biyu. Na farko, a nan ne Intel ya ninka ƙarfin furosesar irin waɗannan kwamfutoci marasa nauyi: i5 da i7 na zubi na 6 da na 7 masu harafin U a ƙarshe suna da cibiyoyin aiki 2, na zubi na 8 kuma suna da 4. Shi ya sa i5-8250U ta fi i7-6600U sauri nesa ba kusa ba, duk da cewa mai i7 ɗin zai nemi kuɗi fiye, yana nuna tambarin da ke manne kusa da madannai. Wannan tambari, a faɗa a wuce, takarda ce mai gam, ana ɓamɓare ta daga wata a manna wa wata.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma daga kamfanin Microsoft ya fito.

Abin da ya sauya ranar 14 ga Oktoba 2025

Windows 10 ta fito a Yulin 2015, ta yi shekara goma tana aiki, sannan Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa tana aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin ke turowa kowane wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke bi. An buɗe wani shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU ga ɗaiɗaikun mutane, amma na ɗan lokaci ne, kuma sai an yi rajista da asusun Microsoft. A ranar 14 ga Oktoba 2025 ɗin ne kuma aka daina kula da Office 2016 da Office 2019.

Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa. Tana bukatar RAM aƙalla giga 4, ma'ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko ta AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama, ban da ƴan tsiraru da aka keɓe. Kwamfutar da ta cika sharuɗɗan kuma take da halastacciyar Windows 10 tana hawa Windows 11 kyauta. Wadda ba ta cika ba an bar ta a baya.

Wannan hukunci ya sa ofisoshi da makarantu a ƙasashen arewa suka fitar da ɗimbin kwamfutoci ƴan zubi na 6 da na 7, masu kyan jiki, masu tsabta, irin su HP EliteBook 840 G3 da G4, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460 da T470. Su ne ke iso mana da farashi mai daɗin ji. Ragin da aka yi musu yana da dalili: a inda suka fito an riga an yanke cewa kwanansu ya ƙare.

A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Akwai dabarar tilasta wa tsohuwar kwamfuta ɗaukar Windows 11 ko da ba ta cika sharaɗi ba, kuma masu gyara da yawa sun iya ta. Mai saye ya kunna ya ga Windows 11, hankalinsa ya kwanta. Microsoft kuwa ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan gyara ba. Ganin Windows 11 a allo bai wadatar ba, lambar furosesa ce hujja.

Samfuran ofis da suka tsallake iyakar sun haɗa da HP EliteBook 840 G5 da G6, Dell Latitude 5490, 7490 da 5400, Lenovo ThinkPad T480 da T490. Ko a cikin waɗannan ma a duba, domin an ƙera wasu ƴan 840 G5, 7490 da T480 da furosesar zubi na 7.

Wanda kuɗinsa bai kai zubi na 8 ba, ko kuma ya riga ya mallaki tsohuwa, yana da mafita. Linux Mint da Ubuntu tsarin aiki ne na kyauta da ke gudu lafiya a kan zubi na 6 da na 7, suna da Faransanci, kuma Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 za su ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Manhajar LibreOffice da ke zuwa da Linux Mint tana buɗe takardun Word da Excel. Matsalar ita ce masu gyaran da suka san Linux ba su da yawa, wasu injinan buga takarda suna ba da wahala kafin su haɗu, kuma takarda mai ado da yawa takan ɗan gurɓace in an buɗe ta a can. Ga ɗalibi mai son koyo wannan hanya ce mai kyau. Ga mai shagon buga takardu da abokan cinikinsa ke kawo fayil a kile USB daga ko'ina, da wuya ta yi.

Tsohuwar ta ofis da sabuwa mai araha

Sau da yawa zaɓin da ke gaban mai saye shi ne tsakanin tsohuwar kwamfutar ofis da wata sabuwa dal a farashi kusan ɗaya. Sabuwar tana sheƙi, tana da kwali da leda. In aka duba cikinta, galibi furosesar Celeron ce irin N4020 ko N4500, RAM giga 4 da aka like a jikin allon na'urar, ba a iya ƙarawa, da ma'ajiya giga 64 ta nau'in eMMC, irin ta wayar salula. Windows 11 kaɗai tana cinye kaso mai yawa na wannan ma'ajiya. A buɗe Word da shafukan intanet huɗu ko biyar, sai ta fara jan ƙafa.

Kwamfutocin ofis irin su EliteBook, Latitude da ThinkPad an yi su ne don kamfanoni masu son kaya ya jure kuma ya gyaru. Jikinsu ya fi ƙwari, maƙalan murfinsu sun fi juriya, ana kwance bayansu da sukudireba a sauya batir, a ƙara RAM, a sa sabuwar ma'ajiya. T480 da 840 G5 suna da gurbin RAM biyu. Kuma da yake an ƙera su da yawa, kayan gyaransu sun fi samuwa a Maradi, Yamai da Kano fiye da na wani baƙon samfuri da ba wanda ya san shi. A garin da ke nesa da wakilin kamfani, samuwar kayan gyara ta fi sheƙin murfi amfani.

Abu biyu ke sa tsohuwa ta yi sauri ko ta yi nauyi. RAM kada ta gaza giga 8. Ma'ajiya kuma ta kasance SSD, giga 256 ya ishi mai aikin takardu. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, ko da an rubuta masa giga 500 ko tera 1, shi ne ke sa kwamfuta ta yi minti biyu kafin ta farka, kuma ba ya son girgiza. Tafiya bisa babur a hanyar ƙauye tana iya kashe shi da duk abin da ke ciki. Sauya HDD da SSD shi ne gyara mafi riba da ake yi wa tsohuwar kwamfuta. Sai dai wanda ke shirin sayen mai giga 4 da niyyar ƙara RAM daga baya ya fara tambayar farashi, domin kuɗin RAM ya tashi sosai a kasuwar duniya tun ƙarshen 2025, sakamakon yadda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke wawure ta.

Batir, wuta, zafi da ƙura

A Turai mai sayen tsohuwar kwamfuta yana iya kau da kai daga batir, tunda soket na ko'ina. A nan batir rabin kwamfutar ne. Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankin Maradi da Damagaram ta daɗe tana dogara da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ko a lokacin da ba rikici, watannin bazara ba sa rasa ɗaukewar wuta. Kwamfutar da ke mutuwa da zarar an zare caja ta zama ta tebur, kuma kowace ɗaukewar wuta tana iya tafiya da aikin da ba a ajiye ba.

Batirin lithium yana tsufa ta hanya biyu, da yawan caji da kuma da shekaru. Bayan cikakken caji ɗari uku zuwa ɗari biyar yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Ko wanda ba a taɓa amfani da shi ba yana raguwa a ajiye, don haka tsohon samfurin da ya shekara uku a kwali ma batirinsa ba sabo ba ne. Zafi kuma yana gaggauta lalacewar, ga shi a Afrilu da Mayu ma'auni kan wuce digiri 40 a Dakoro.

Windows tana da hanyar faɗin gaskiyar batir. A buɗe «Invite de commandes», a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe takardar da ta fito. Za a ga adadi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake ɗauka yanzu. In na biyun ya kai kashi 80 cikin 100 na na farko, batirin na da sauran rai. In ya sauka ƙasa da 60, a sa kuɗin sabon batir cikin ciniki. Batirin da ya kumbura, wanda ake ganewa in wurin shafa yatsa ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, haɗari ne na gobara, ba a sayen kwamfuta da shi a ciki.

ThinkPad T480 tana da wata baiwa da ta dace da nan: batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma na wajen ana cire shi a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Samfuran 2018 zuwa sama da dama suna karɓar caji ta kafar USB-C, abin da ke sauƙaƙa samun caja. Ga masu sola a gida, kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta da ci: cajarta wat 45 ko 65 ce, kuma a aikin rubutu ba ta ma jan rabin haka.

Ƙurar hunturu ita ce ɗayar abokiyar gaba. Fankar cikin kwamfuta tana zuƙo iska don sanyaya furosesa, tana zuƙo ƙura tare da ita, har kafofin su toshe. Alamarsa fanka ta riƙa kuka ba tsayawa, ƙasan kwamfutar ya yi zafi, ta rage gudu ko ta kashe kanta. Tsohuwar da ta shekara shida ko bakwai tana bukatar a buɗe ta a share, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, aikin da mai gyara ke gamawa cikin awa guda. Bayan haka, a riƙa ɗora ta bisa tebur ko faranti mai tauri. Katifa, darduma da tabarma suna toshe mata numfashi.

Madannai da kan caja

Wannan ƙaramin abu ne da ke zama babba bayan an kai kaya gida. Kwamfutar da ta fito daga Faransa ko Beljiyam madannanta AZERTY ne, wanda ƴan makarantar Nijar suka saba da shi, yana da é, è, à da ç a fili. Wadda ta biyo ta Najeriya, Dubai ko Amurka galibi QWERTY ce. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da aka zana a kan maɓallan ba zai dace da abin da ke fita ba, sai an manna musu takardun haruffa, waɗanda zufa da zafi ke ɓamɓarewa. Wanda zai rubuta rahoto ko kundin kammala karatu da Faransanci ya yi la'akari da haka. Akwai ma masu madannan Jamusanci, QWERTZ, da ke shigowa a cikin kaya.

Cajar da ta zo ta Najeriya kanta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, ba ya shiga soket mai rami biyu sai da adafta, ko a sauya igiyar. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne cajar ta zama ta asali. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, tana zafi da wuri, kuma ba ta kare kwamfuta in wuta ta yi tsalle, musamman a kan janareto.

MacBook da Chromebook

Tsofaffin MacBook na kamfanin Apple suna jan ido, kuma nan ma akwai iyaka. Masu furosesar Intel suna bakin ƙofar fita, domin Apple ya sanar a 2025 cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau kansu, kuma ƙalilan ne ma daga cikinsu suka samu wannan. MacBook Air mai M1, ta Nuwamban 2020, daban take: tana da sauri har yanzu, batirinta yana daɗewa, ba ta da fanka ko ɗaya balle ta zuƙi ƙura. Shi ya sa a Amurka aka ci gaba da sayar da ita sabuwa a kantunan Walmart kan dala 699 a 2024, bayan Apple ya cire ta daga nasa kantin. Amma RAM da ma'ajiyarta a like suke, ba ƙari ba sauyi, gyaran allonta yana da tsada, kuma manhajojin da aka yi don Windows ba sa hawa kai tsaye. In tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ba, tana iya kullewa, kuma ba mai gyaran da zai buɗe ta ta halastacciyar hanya.

Chromebook kuwa arahar da ake gani a kanta tana da sababi. An gina ta ne don mai intanet a kowane lokaci, ma'ajiyarta ƙarama ce, Word da Excel na Windows ba sa hawa, kuma da yawa daga makarantun Amurka suka fito da makullin makarantar a jikinsu. Ga wanda ke sayen megabit kaɗan-kaɗan a Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, ba ita ce ta dace ba.

Yadda ake lissafin

Farashin da aka faɗa a baki somin-taɓi ne. A ƙaddara, don misali kawai, an yi wa mutum tayin kwamfuta biyu. Ta farko ƴar zubi na 6 ce kan jaka 90, mai RAM giga 4, da HDD, da batirin da ba ya riƙe awa guda. Ta biyu ƴar zubi na 8 ce kan jaka 150, mai giga 8, da SSD, da batir mai kashi 80. In gyaran ta farkon, wato batir da SSD da ƙarin RAM da ladan mai gyara, ya ci jaka 50, ta tashi a jaka 140, kuma bayan duk wannan Windows 11 ba ta karɓe ta ba. Bambancin ya koma jaka 10. In ta farkon ta yi shekara biyu ta biyun ta yi huɗu, ta farko ta ci jaka 70 a shekara, ta biyu ƙasa da jaka 40. Alƙaluman za su bambanta daga shago zuwa shago, amma hanyar lissafin ɗaya ce: a haɗa kuɗin saye da na gyara, a raba da shekarun da ake sa ran za ta yi aiki.

Akwai kuma waɗanda tsohuwar ba ta dace da su ba ko da ta zubi na 8 ce: mai haɗa bidiyon biki da suna a matsayin sana'a, ɗalibin zanen gine-gine, mai aikin taswira da manyan fayiloli. Su suna bukatar ƙarfin da waɗannan samfura ba su da shi. A ɗaya gefen, wanda bukatarsa WhatsApp ce da Facebook da kallon bidiyo, waya mai kyau ta ishe shi.

Kafin kuɗi su bar hannu

Sayen kwamfuta ta hoton WhatsApp, a aiko ta a mota, cinikin biri ne a sama. Gwajin da ya kamata a yi bai wuce minti talatin ba, kuma mai sayarwar da ya hana a yi shi ya riga ya ba da amsa.

A danna Ctrl, Maj da Échap tare, «Gestionnaire des tâches» zai buɗe. A sashen «Performance» ana ganin cikakken sunan furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. A sake kunna kwamfutar a shiga BIOS a tabbatar abin da ke can ya yi daidai da wannan, domin ana iya sauya rubutun da Windows ke nunawa. In BIOS ya nemi kalmar sirri kuma mai sayarwa bai san ta ba, a bar ta. Haka in a farkon saita Windows ta nuna sunan wani kamfani ko makaranta tana neman a shiga da asusunsu: tana ƙarƙashin ikonsu har yanzu, kuma mai yiwuwa ba ta hanyar kirki ta bar hannunsu ba. Dell, HP da Lenovo duka suna da gwajin lafiya a cikin na'urar, ana kiran sa lokacin kunnawa, da F12 a Dell, F2 a HP, F10 a Lenovo. Lambar da ke manne a ƙasan kwamfutar, in aka sa ta a shafin kamfanin, tana nuna samfurin na gaskiya da lokacin da garantinsa ya fara.

Sauran na ido ne da hannu. A buɗe farin shafi a cika allo da shi don ganin tabo ko layi. A danna kowane maɓalli a cikin Word. A gwada kowace kafar USB, da kyamara, da lasifika, da Wi-Fi ta hanyar haɗa ta da wayar mai saye. A buɗe murfi a rufe sau da yawa a ji ko maƙalan sun saki. A zare caja a kunna bidiyo na minti goma sha biyar a ga nawa batir ya sauka. A sashen «Activation» a ga ko Windows halastacciya ce. Kwamfutocin ofis na waɗannan shekaru galibi lasisinsu na cikin na'urar, ba sai an sa musu na sata ba, wanda sau da yawa shi ke shigo da ƙwayar cuta.

Daga ƙarshe a karɓi takardar saye mai ɗauke da sunan shago, samfuri, lambar na'ura, kwanan wata, da kwanakin garantin da aka yi alkawari, a rubuce. Ga mutumin Dakoro da ya saya a Maradi, garantin kwana uku ba shi da wani amfani, tunda komawa kaɗai kuɗin mota ne da yini guda. A nemi aƙalla wata ɗaya, kuma a yi aiki da ita sosai a makon farko, lokacin da ɓoyayyen aibi ya fi bayyana. Da an isa gida a shiga saitin Wi-Fi a kunna «Connexion limitée», in ba haka ba Windows za ta shanye megabit ɗin wata guda a dare ɗaya tana sabunta kanta. Manyan sabuntawar a bar su sai an samu inda intanet ke da yalwa.